Jego a Ingila, Umara a Makka: Me Zan Zuba a Akwati?

Assalamu alaikum Malama. Ni tsohuwar malamar firamare ce a Kano, shekaruna 59. 'Yata ta fari tana aure a Manchesta ta ƙasar Ingila, kuma cikinta ya tsufa, haihuwar fari ce. Mijinta ya yi mini biza da tikiti, zan tafi tsakiyar Disamba in zauna mata jego na wata biyu. Daga can kuma ya biya mini Umara a cikin Fabrairu, mako biyu, Madina sannan Makka, daga Jidda in dawo gida farkon Maris. An ce mini akwati biyu ne, kowanne kilo 23. Ban taɓa zuwa ƙasar Turawa ba, Hajji na taɓa yi sau ɗaya, shi ma lokacin zafi. Yarinyar ta ce kada in ɗauko komai sai kayan miya. Ƙanwata kuma ta ce in je Ƙofar Wambai in sayi bargo biyu da manyan rigunan sanyi, wai sanyin can kisa yake yi. Na riga na ɗinka atamfa takwas da leshi uku saboda suna, ga kilishi da man shanu na tanada wa maijego, ga saƙonnin mutane sun fara taruwa. Ina da hawan jini da ciwon gwiwa, sanyi ba ya yi mini da daɗi. Yanzu kaya sun cika gado, na rasa na ɗauka na rasa na bari, har barci ya fara gagara ta. Ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raba su lafiya, ya sa ki je ki iske abin farin ciki, ya kuma karɓi Umarar tun kafin a yi ta. Surukin nan naki Allah ya yi masa albarka.

Da farko ki kwashe kayan nan daga kan gado ki kwanta ki yi barcinki, don fiye da rabinsu ba inda za su. Abin da ya rikita ki shi ne kina haɗa wa mata biyu kaya, wata mai zuwa ƙasar sanyi, wata mai zuwa ƙasar zafi, alhali mace ɗaya ce za ta yi tafiyar, kuma tufafi ɗaya ne za su yi mata hidima a ko'ina. Abin da zai riƙa sauyawa shi ne abin da ke ƙarƙashin tufafin da abin da ke samansu. 'Yarki ta fi ƙanwarki kusa da gaskiya, amma ita ma ba ta faɗa miki duka ba, domin wanda ya shekara biyar a wuri yakan manta yadda sanyin ranar farko ya yi masa.

Bari in kwatanta miki sanyin da abin da kika sani. Hunturunmu na Kano na asuba ne da na dare. Yakan sauko wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, a hura wuta, a sha koko, hantsi yana dubawa a tuɓe rigar sanyi. Kuma busasshe ne, leɓe yake fasawa da dunduniya. Na Manchesta jiƙaƙƙe ne. A Disamba da Janairu da tsakar rana ma bai cika wuce digiri 7 ba, da dare yakan sauko 2 ko 1, wani lokaci ƙasa da haka har ruwa ya daskare a kan titi. Ga yayyafi da ba ya gajiya, ga iska. Rana kuwa sai bayan ƙarfe takwas take fitowa, wajen huɗu na yamma ta faɗi, kuma ko ta fito ba ta da ɗumi, haske ne kawai. Azahar da La'asar da Magariba duk a cikin wajen awa huɗu za ki yi su, wannan ma sai kin saba. Ba wani hantsi da za ki jira ya zo ya cece ki.

To amma ki tambayi kanki, a ina za ki yi wata biyun nan? Jego kika je. A ɗaka za ki wuni, tsakanin kicin da ɗakin maijego, kuma gidajensu akwai hita a kowane ɗaki, balle gidan da ke da jariri. Fitar da za ki yi ba ta wuce rakiya asibiti, zuwa kanti, ko gaida wasu 'yan uwa, kuma yawanci daga ƙofar gida sai mota. Idan aka tara duk lokacin da za ki yi a tsaye a waje cikin wata biyun, ina shakkar ya kai kwana ɗaya cur. Saboda wannan ɗan lokacin ne ƙanwarki take so ki ba da rabin akwati.

Sanyi irin nasu ba kaurin riga ɗaya ke maganinsa ba, jera tufafi ne, wani kan wani, yadda iska mai ɗumi za ta maƙale a tsakaninsu. Na farko shi ne wanda ke manne da fata: riga mai dogon hannu da wando mai kaiwa idon sawu, marasa kauri, masu kama jiki, waɗanda can suke kira tamal. Wannan shi ne sirrin duk matan da za ki gani suna yawo da abaya cikin ƙanƙara kina mamaki. Saiti uku sun ishe ki, ɗaya a jiki, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye, kuma duka ukun ba su kai nauyin zane biyu ba. Kada ki ce ai kina da singileti da shimi na auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe, in kika fito daga ɗumin kicin zuwa waje sai ta zame miki kamar jiƙaƙƙen tsumma a baya. A kan tamal sai ki sa doguwar rigarki ta kullum. A kanta kuma suwaita mai maɓalli ko zif a gaba, wadda za ki iya cirewa ba sai kin tuɓe hijabi ba. Guda biyu, wata mara nauyi wata mai ɗan kauri. A cikin gida iyakar abin ke nan, sai safa. In za a fita sai a ɗora babbar jaket a sama.

Ita babbar jaket ɗin, kada ki saye ta a Kano. Ba don babu masu kyau a Ƙofar Wambai ba, akwai, ai daga can ƙasashen dilolin gwanjon suke zuwa. Amma mai nauyi ce, mai cin wuri, kuma ke da ba ki san sanyin ba ba za ki gane wadda ke tare ruwa da wadda ke shan sa ba. Ki ce wa 'yarki ta nema miki tun yanzu, ko ta aro, ko ta ba ki tata tunda ita ma ba fita za ta riƙa yi ba. Ta zama mai kaiwa gwiwa, mai hula a haɗe, mai yalwar da za ta hau kan suwaita da hijabi. Ranar da za ki sauka surukinki ya zo da ita filin jirgi a hannunsa. Daga cikin jirgi har inda masu tarba suke tsayawa kusan duk a rufe ne, ba za ki gamu da iskar gari sosai ba sai kin fito ƙofa, to a nan zai miƙa miki. Ranar tafiya Umara kuma ki tuɓe ta a ƙofar filin jirgi ki bar ta a can. Kayan sanyin Ingila a Ingila ake samunsu, a Ingila ake barinsu. Haka tamal ɗin ma, in ba ki samu a nan ba, saiti ɗaya kawai kike bukata na ranar tafiya, sauran ta saya miki a Primark ko wani kanti irinsa, ba su da tsada a wurinsu.

Bargo kuwa, Hajiya, gidan 'yarki za ki, ba sansanin gudun hijira ba.

Inda nake so ki kashe kuɗi da hankali shi ne ƙafa. Mu nan mun saba sanyi ya kama mu a ƙirji da kunne, shi ya sa za ki ga mutum ya naɗe kai da wuya amma yana tafe da silifa. A can ta ƙasa yake shiga. Ki nemi takalmi rufaffe guda ɗaya, mara tudu, mai ƙasan roba mai zane-zane wanda ba ya santsi, wanda ruwa ba ya ratsa shi da wuri, kuma ya ɗara lambarki da ɗaya, saboda safa mai kauri da kuma kumburin da ƙafa ke yi a dogon zaman jirgi. Ki saye shi yanzu ki fara yawo da shi a tsakar gida har ya saba da ƙafarki. Mai ciwon gwiwa ba abin da ya kai faɗuwa a kan daskararren titi haɗari gare ta, don haka in kika ga ƙasa tana ƙyalli da safe, ki riƙe hannun wani ko ki fasa fitar. Safa mai kauri ƙafa uku, mara kauri ƙafa huɗu, masu duhu. Safar hannu ɗaya. Kai kuwa mun riga mun ci riba, hijabi da ɗankwali sun gama rabin aikin, sai 'yar hular saƙa a ƙarƙashi ranar da iska ta yi yawa. Gwiwar kuma ki samo mata abin nan mai kama da safa da ake zurawa, yana riƙe ɗumi, kuma zai yi miki rana a Safa da Marwa.

Akwai abu ɗaya da zan ce ki ɗauka ko da za ki bar komai: babban mayafi mai kauri, irin na ulu ko mai kama da shi, wanda zai rufe kafaɗa har ƙugu. Shi ne bargonki a jirgi, shi ne abin naɗe wuya a Manchesta, shi ne abin lulluɓa a harabar Masallacin Annabi da asuba, in kin ninka shi kuma ya zama abin zama ko matashi. Ban taɓa yin tafiya na dawo ban gode masa ba.

Sai maganar atamfa takwas da leshi uku. Na san abin da ke ranki, kakar jariri ce ke, haihuwar fari kuma, ba kya so a ce kin je kin yi ta maimaita kaya. Amma sunan can ba irin namu ba ne da za a cika layi da kujeru a yi kwana uku ana shiga ana fita. Falo ne, ko ɗan zauren haya na 'yan awanni, mutum talatin ko arba'in. Leshi ɗaya ya isa, wanda kika fi so, ki sa tamal a ƙarƙashinsa don leshi ba ya tare komai. Ki ɗora leshi mai duwatsu a sikeli ki ga abin da yake ci, ke da kanki za ki mayar da biyun cikin sif. Atamfa uku, kuma in da hali waɗanda aka yi wa ɗinkin doguwar riga, domin zane da tamal ba sa shiri, sai ki wuni kina gyara ɗauri. Ragowar wurin ki ba dogayen riguna marasa nauyi, irin na zaman gida, guda huɗu, da abaya biyu masu duhu, da hijabai uku. Waɗannan su ne za su yi miki tafiyar gaba ɗaya. A Manchesta da tamal da suwaita, a Makka su kaɗai. Akwai injin wanki a gidan, don haka kayan mako ɗaya kike bukata, ba na wata uku ba. Sai dai ki sani babu ranar shanya, a cikin gida ake baza kaya kusa da hita, kuma kaya masu kauri sukan kwana biyu ba su bushe ba. Wannan ma wani dalili ne na zaɓar marasa nauyi. A Makka kuwa ki wanke riga bayan Azahar, kafin Isha ta bushe.

Yanzu mu je Saudiyya, inda nake jin za ki iya yin kuskure na biyu. Kin yi Hajji da zafi, abin da kika riƙe a ranki shi ne ƙasar wuta ce. Makka kam a Fabrairu da rana tana kaiwa digiri 30 da ɗoriya, daren kuma da daɗi. Amma Madina daban take. Da rana lafiya lau, da asuba kuwa hunturun Kano ne sak, har da iskar, kuma ke za ki fito tun kafin kiran sallah don ki samu wuri, wataƙila ki ƙare a harabar waje a kan dutse mai sanyi. Saboda haka ranar da za ki bar Ingila kada ki yi murnar rabuwa da sanyi ki zubar da komai. Ki tafi da tamal saiti ɗaya, da suwaita mara nauyin, da mayafin nan, da safa. A Makka ma za su yi amfani, don na'urar sanyaya ɗaki a otal da motoci da cikin Harami ba ta da tausayi, mutum ya shigo da gumi ta buge shi, washegari sai mura. Farin dutsen da ke filin ɗawafi shi ma ba ya ɗaukar zafi, da asuba har sanyi yake yi wa tafin ƙafa. Safa mai ɗigo-ɗigon roba a ƙasa ta fi, ba ta zamewa. Ki tuna sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da tafiya daga masauki.

Ga wani ɗan abu da sanyi kan sa mata su manta. Mace tana harama da tufafinta na yau da kullum, har da safar ƙafa, amma ba ta sa safar hannu ba ta sa niƙabi. Tunda ta Madina za ku fara, a Zul Hulaifa za ki ɗauki harami, wurin da aka fi sani da Abyar Ali, to kafin nan safar hannun ta koma jaka, ko ma ki bar ta a Ingila. Ki tanadi sabulu da man shafawa marasa ƙamshi. Man kaɗanya tsantsa ya wadatar, kuma shi ne zai yi miki maganin bushewar fata a ƙasashen biyu, don hita ma busar da jiki take yi kamar iskar hunturu. Lema ƙarama mai naɗewa guda ɗaya: a can ta tare ruwa, a nan ta tare rana. Silifa ɗaya mai taushi da 'yar jakar zuba ta. Caja kuwa kada ta dame ki, bakin soket ɗin Ingila mai ƙafa uku irin namu ne, kuma yawancin otal-otal na Saudiyya ma shi ne.

To yaya za a raba akwatunan? Ɗaya naki ne, ɗaya na mutane. Duk abin da na lissafa miki na sawa zai shiga akwati ɗaya har da sauran wuri, kuma bai kamata ya kai kilo 23 ba. Na biyun shi ne na kayan miya da kayan jariri da tsaraba. Zai tafi a cike, a juye shi a Manchesta, ya bi ki Saudiyya kusan fanko, ya dawo Kano da dabino da carbi da darduma da jallabiyoyin jikoki. In kika cika duka biyun da kayanki tun daga gida, a Jidda za ki zauna a ƙasa kina buɗe akwati a gaban jama'a kina rabar da kaya, ko ki biya kuɗin da ya fi kuɗin kayan.

Amma ki sa surukinki ya duba miki wani abu yau ɗin nan. Tafiyarki hawa uku ce: Kano zuwa Manchesta, Manchesta zuwa Saudiyya, Jidda zuwa Kano. Akwati biyun da aka ce miki, na wane hawa ne? Sau da yawa tikitin tsakiya daban ake sayensa, a wani kamfanin, kuma yana iya zama akwati ɗaya kawai ya ba ki. Mafi ƙanƙantar izini a cikin ukun shi ne mai hukunci a kanki. In ma jirgin ƙasa za ku hau daga Madina zuwa Makka, shi ma yana da tasa iyakar kaya, ba ya ɗaukar manyan akwatuna biyu ga mutum ɗaya, sai a san yadda za a yi tun da wuri. Zamzam kuma lita 5 ne a kwalinsa na musamman da ake saye a filin jirgi, kuma kamfanin da zai dawo da ke shi zai faɗa ko yana cikin kilonki ko a waje. Kada ki zuba shi a galan ki cusa cikin tufafi. Sannan shi kansa akwatin yana da nauyi, babba yakan ci kilo 4 ko 5 tun ba a sa masa komai ba. Gana-mas-go ba ta da nauyi, gaskiya ne, sai dai wasu kamfanonin sun daina karɓarta saboda tana maƙalewa a injin kaya. Ledar nan da ake zuƙe wa iska kuma wuri take ragewa, ba ta rage nauyi, har ma takan yaudari mutum ya ƙara kaya.

Kayan miya. A nan zan ɓata miki rai kaɗan. Kilishi da dambun nama da man shanu ba sa shiga Ingila. Dokarsu ta hana matafiyi daga ƙasashe irin namu shigo da nama ko abin da aka yi da madara, busasshe ne ko ɗanye, kuma in an gani ƙwacewa za a yi, wataƙila har da tara. Na san za a ce miki wance ta wuce da shi. Wance ta yi sa'a, ke kuma zuwanki na farko ne, ba kya son a fara sanin sunanki da wannan. Ki ba yaran gida su ci kilishin su yi miki addu'a. Abin da ya cancanci kilonki shi ne wanda ba a samu a can ko ba a samun mai kyau: kuka, busasshiyar kuɓewa dakakkiya, daddawa, yajin jego, garin kunu, zoɓo, tsamiya. Kowanne a daka shi, a bushe shi sarai, a ƙulle a leda biyu mai haske, a rubuta sunansa da Turanci a jiki. Daddawa ki ƙara mata da roba mai murfi, in ba haka ba har leshinki sai ya yi warinta, shi ya sa ma na ce akwatinta daban. In an tambaye ki ko kina ɗauke da abinci, ki ce e, ki nuna. Shinkafa, wake, garin kwaki, manja, doya, duk kada ki wahalar da kanki, unguwanni irin su Cheetham Hill da Longsight cike suke da shagunan halal da na kayan Afirka. Goro kuma, in kina ci, ya ƙare a Ingila, kada ko ɗaya ya bi ki Saudiyya, kin dai ji yadda ake gargaɗin alhazai a kansa duk shekara.

Tunda jego ne, bari in tsoma baki a abin da ba ki tambaye ni ba. Ki yi hankali da kanwa. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan shan kunun kanwa da tsananin wankan ruwan zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, ke ma mai hawan jini ba taki ba ce. Turaren wuta kuma ki kai mata, amma da kasko na lantarki, kuma ki tambaya kafin ki kunna, domin gidajensu akwai ƙararrawar hayaƙi a silin, tana iya tara miki maƙwabta. Gawayi a rufaffen ɗaki kuwa ko da wasa, yana kashe mutane cikin barci.

Saƙonnin mutane su ne suka fi damuna a wasiƙarki. Ki yanke musu kilo, ki ce uku ne ko huɗu, in ya cika ya cika, ki ɗora laifin a kan kamfanin jirgi. Kuma duk abin da za ki karɓa a buɗe shi a gabanki, ki gani da idonki, ki sake ƙulle shi da hannunki. Ƙullin da aka ce kada a buɗe, ko maganin da ba ki san shi ba, ko na wa ne, ki mayar. A filin jirgi kada ki riƙe wa kowa jaka, kada ki yarda a auna kayan wani da sunanki don an ga kilonki bai cika ba. Ki ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da za a manna miki a tikiti, su zama biyu daidai da akwatunanki, ki adana su har ki dawo. Ba mu manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, wadda sai a 2019 aka sake ta bayan an gano wasu ne suka maƙala sunanta a jakar ƙwayoyi da ba tata ba tun daga filin jirgin Kano. Ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kisa ne ba a yi mata kara. Wanda ya yi fushi don kin buɗe saƙonsa, ya huce kafin ki dawo.

Jakar hannu kuwa ki haɗa ta kamar akwatunan ba za su iso ba, don wani lokaci ba sa isowa. Ni ya taɓa faruwa da ni, na sauka wata ƙasar sanyi cikin Janairu, akwatina ya yi zamansa a inda muka canja jirgi har kwana uku, ni kuma na zuba duk abin ɗumi a cikinsa saboda da zafi na baro gida. Da rigar mijin mai masaukina na yi kwanakin nan, hannun rigar har gwiwa. Tun daga ranar ba na wasa da jakar hannu. Yawanci kilo 7 ko 8 ake bari. Ki sa tamal saiti ɗaya, suwaita, safa biyu, doguwar riga ɗaya, kayan ciki, mayafin, caja, da robar ruwa fanko wadda za ta zame miki buta. Abu mai ruwa ko mai maiƙo kada ya wuce mililita 100 a kowace roba. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ba a sa shi a akwati. Magungunanki duka a nan, ba a akwati ba, na wata uku da ɗoriyar mako biyu, a cikin kwalayensu na asali, da takardar likita mai ɗauke da sunanki da sunayen magungunan. Kada ki juye su a leda ɗaya don rage wuri. In akwai mai ƙarfi a cikin na ciwon gwiwar, irin su tiramadol ko mai kodin, ki gaya wa likita ƙasashen da za ki, ya canja miki ko ya rubuta miki takarda ta musamman, don ƙasashen biyu duk suna sa ido a kansu. Katin rigakafin shawara da shaidar allurar sanƙarau su zauna tare da fasfo, Saudiyya tana neman su ga mai Umara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saura mako guda ki haɗa komai ki rufe, ki hau sikelin gida ke kaɗai, ki sake hawa ɗauke da akwatin, ki ɗebe. Ki tsaya a kilo 22, don sikelinku da nasu ba lallai su yi daidai ba. Sannan ki ja jakar hannun ki zagaya tsakar gida sau biyar. In gwiwa ta yi magana, ki rage, domin a filin jirgin da za ku yada zango tafiya ce mai nisa kuma ba jikan da zai karɓa miki. Kada ki ji kunyar cewa a rubuta miki keken guragu a tikiti, kyauta ne, kuma mai tura ki shi zai kai ki har ƙofar jirgi na gaba ba tare da kin ɓata ba.

Ranar tafiya ki bar gida da abaya da rufaffen takalmin a ƙafa, shi ne mafi nauyi, gara ya tafi a jikinki. Kada ki sa tamal tun daga Kano, za ki jiƙe da gumi a layin awo. In ta Adis Ababa za ku bi, ki sa shi a can, garin a kan tsauni yake, darensa akwai sanyi. In ta wani wurin ne, ki shiga banɗakin jirgi saura awa ɗaya ku sauka ki sa. A cikin jirgin ki riƙa miƙewa kina ɗan takawa, kina shan ruwa, saboda ƙafafun. Ranar dawowa kuma akasin haka: farkon Maris Kano ta fara ɗaukar zafi, ki sa mafi sauƙin rigar da kike da ita, suwaitar ki riƙe ta a hannu saboda sanyin jirgi kawai. Kafin ki bar Ingila, tamal biyun da safa masu kauri da hular ki bar su a wata 'yar jaka a gidan 'yarki, ki rubuta sunanki a jiki. Haihuwar fari ce, in Allah ya yarda za a sake kiran ki.